Gani Bai Kori Ji Ba

Zuciya ba ta shan jinin da ke cikinta. Kusan lita 5 ke ratsa ɗakunanta a kowane minti, sama da lita 7,000 ke nan daga asuba zuwa asuba, amma naman bangonta ya yi kauri, jinin da ke wucewa ba ya iya shiga cikinsa ya ciyar da shi. Abincinta ta wata hanya yake zuwa. Daga gindin babbar jijiyar da ke fitar da jini zuwa jiki wasu jijiyoyi biyu suke ɓallewa, ɗaya dama ɗaya hagu, su kwanta a jikin zuciya ta waje, su yi rassa, rassan su nutse cikin tsoka. Ta nan take samun rabonta, kimanin kashi 5 cikin ɗari na abin da ta tura, wato rubu'in lita a minti idan mutum yana zaune a natse.

Wannan magana ta daɗe da fitowa. Ibnun Nafis, likitan da aka haifa a yankin Dimashƙa ya yi aikinsa a Alƙahira har rasuwarsa a 1288, ya rubuta sharhi a kan babin sassan jiki na littafin Alƙanun na Ibn Sina. A ciki ya saɓa wa malamin da yake yi wa sharhi. Ibn Sina yana ganin jinin da ke ɗakin dama ne ke ciyar da zuciya, shi kuwa Ibnun Nafis ya ce a'a, jijiyoyin da suka ratsa namanta ne. Ya yi daidai. Sharhin ya yi ƙarnuka babu mai waiwayarsa a Turai, sai a 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya ci karo da kwafinsa a ɗakin karatu na Berlin.

Abin da Ibnun Nafis ba shi da halin gani shi ne inda rassan suke ƙarewa. William Harvey ma, da ya bayyana zagayen jini a 1628, bai gani ba. Lissafi ne ya nuna masa dole akwai wata mahaɗa tsakanin jijiyoyin da ke kai jini da waɗanda ke dawo da shi. Marcello Malpighi ne ya fara hango ta a 1661, a huhun kwaɗo, da madubin ƙara girma, bayan Harvey ya yi shekara huɗu a kabari.

A Hausa duka jijiya ce: ta jini, ta motsi, ta agara, har ta itace. Amma jijiyoyin zuciya hawa-hawa ne, kuma aikinsu ya bambanta. Manyan da ke kwance a waje faɗinsu milimita 2 zuwa 5 ne. Ƙasa da su akwai waɗanda ba su kai rabin milimita ba. Ƙasa da waɗannan kuma akwai masu faɗin gashin kai ko ƙasa da haka, abin da bai kai maikiromita 100 ba. A can ƙarshe sai mafi siranta, waɗanda jajayen ƙwayoyin jini suke bi ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci sai sun lanƙwashe kafin su wuce. Idan aka yanka tsokar zuciya aka duba, a fili mai faɗin milimita ɗaya da tsawon milimita ɗaya za a ƙirga fiye da dubu biyu daga cikinsu, kusan kowane zaren tsoka da tasa. Masu faɗin gashi da 'yan sama da su, su ne abin maganata. Kowace tana da zoben tsoka a bangonta, wanda yake tsukewa ya kuma saki ba tare da ya nemi izinin mai jikin ba.

Me ya sa zuciya ta dogara da wannan zobe fiye da sauran sassa? Saboda ba ta da ajiya. Yawancin sassan jiki suna ɗibar kusan rubu'in iskar oksijin da jini ya kawo musu, su bar sauran ta wuce. Idan aiki ya taso sai su ƙara ɗiba daga abin da suka saba bari. Zuciya kuwa ko mai ita yana barci tana kwashe kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari. Babu wani abin kirki da ya rage da za ta ƙara ɗiba. Saboda haka idan mutum ya miƙe ya hau bene, ko ya ɗauki buhu, ko ya ji labarin da ya tayar masa da hankali, hanya ɗaya ce gare ta: a ƙaro jini, kuma yanzu-yanzu. A mutum mai lafiya jinin da ke shiga naman zuciya yana iya ninkawa sau huɗu ko biyar cikin ɗan lokaci. Manyan jijiyoyin ba su ke yin wannan ba. Su hanya ce kawai. Hukuncin yana hannun ƙanana.

Wanda ya taɓa bin hanyar Kura da Kadawa da rani ya ga manyan magudanan da ke ɗauko ruwan dam ɗin Tiga, a cike, ana hango su daga mota. Amma cikar magudana ba ta nuna wane fangali ya sha. Wannan yana hannun mai ban-ruwa da ke tsaye da fartanya a bakin 'yar ƙaramar hanya, ya buɗe nan ya toshe can. Ana iya samun magudana tana ambaliya tumatir yana bushewa a gefenta.

Wani likitan Faransa, Jean Poiseuille, ya gano a shekarun 1840 dalilin da ya sa ɗan motsi kaɗan yake da tasiri haka. Ruwan da ke bin siririn bututu ba ya raguwa daidai da raguwar faɗin bututun. Idan aka rage faɗin zuwa rabi, abin da ke wucewa ba rabi zai koma ba, ɗaya bisa goma sha shida zai koma. Idan kuma aka ƙara faɗin da kashi 19 cikin ɗari kacal, abin da ke wucewa ya ninka. Ke nan tsukewar da ido ba zai lura da ita ba, ko da zai iya ganin jijiyar, ta isa ta sa tsoka ta yi ƙishi.

Akwai wani abu kuma da ya keɓanci zuciya. Duk lokacin da ta matsa don ta tura jini zuwa jiki, tana matse nata jijiyoyin da ke cikin namanta. A ɓangaren hagu, inda tsokar ta fi kauri, jinin kusan tsayawa yake yi a lokacin. Sai ta saki sannan yake shiga. Idan tana bugawa sau 75 a minti, kowane bugu yana cin kashi takwas bisa goma na daƙiƙa: uku na matsawa, biyar na saki. A cikin biyar ɗin nan take cin abinci. Da bugun ya ƙara sauri, lokacin sakin ne yake fara guntulewa, wato a daidai sa'ar da buƙata ta ƙaru ne lokacin biyan ta yake raguwa. Ƙananan jijiyoyin ne suke cike giɓin da ƙara buɗewa.

To wa yake gaya musu? Muryoyi da yawa ne, kuma ba koyaushe bakinsu yake zuwa ɗaya ba.

Ta farko daga bangon jijiyar kansa take. William Bayliss ya nuna a Landan a 1902 cewa idan matsin jini ya ƙaru ya buɗa jijiya, tsokarta takan mayar da martani ta tsuke, idan matsin ya ragu ta saki. Da wannan ne jinin da ke isa naman zuciya yake zama kusan daidai ko matsin jini ya ɗan hau ko ya ɗan sauka. A cikin ƙwayar tsokar, kalsiyam ne mai kunna aiki: ya shiga da yawa ta tsuke, ya ragu ta saki.

Ta biyu daga tsokar zuciya take, wato daga mai jin yunwar. Tana aiki tana zubar da wasu sinadarai a kewayenta, su kuma su sa jijiya mafi kusa ta buɗe. A 1963 Robert Berne a Amurka ya ce babban ɗan saƙon shi ne adenosin, abin da ke fita idan ƙwayar halitta ta ƙona makamashinta. An yi shekaru ana koyar da haka. Daga baya aka toshe hanyar adenosin a jikin karnuka aka sa su gudu, jinin zuciyarsu ya ƙaru yadda ya saba. Ashe ba ɗan saƙo ɗaya ba ne. In an tare wannan, wani ya isar da maganar. Duk da haka adenosin ya zauna a asibiti, domin da shi ake buɗe ƙananan jijiyoyin har iyakarsu idan ana son auna ƙarfinsu. Shi ya sa ake hana mai zuwa gwajin shan kofi da shayi tun jajibiri, kuma a wajenmu dole a ƙara da goro, tunda sinadarin da ke hana barci a cikinsu yana zama ne a daidai gurbin da adenosin yake sauka.

Murya ta uku ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Cikin kowace jijiyar jini akwai shimfiɗa mai kaurin ƙwayar halitta ɗaya tak, wadda jini yake gogawa yana wucewa. An daɗe ana ɗaukar ta a matsayin abin da ke hana jini mannewa, shi ke nan. A birnin New York, a unguwar Brooklyn, Robert Furchgott ya yi shekaru yana fama da wani abu da ya ƙi daidaita. Akwai sinadarin da ake kira asetilkolin. In aka sa shi a jikin dabba mai rai, jijiyoyinta su buɗe. In aka yanko jijiyar zomo aka rataye a ruwan gwaji aka ɗiga mata shi, sai ta tsuke. Wata rana a 1978 aka yi gwajin da guntun jijiya da aka yanka ta wata siga dabam, sai ga ta ta saki. Da suka bi diddigi, shi da John Zawadzki, sai suka gane cewa a yankan da suka saba yi yatsun mai aiki suna goge shimfiɗar cikin ba tare da an sani ba. Inda shimfiɗar take nan, asetilkolin yana yi mata magana, ita kuma ta saki wani abu da ke sa tsoka ta kwanta. Inda aka goge ta, yana faɗawa kai tsaye a kan tsokar, ta tsuke. Sun buga sakamakon a 1980.

An ɗauki wasu shekaru kafin a san mene ne abin da shimfiɗar take saki. A 1986 da 1987 Furchgott, da Louis Ignarro, da Salvador Moncada da abokan aikinsa a Ingila, suka nuna cewa iska ce, naitirik oksaid, irin wadda ke fita a hayaƙin mota, kuma ba ta wuce 'yan daƙiƙu take lalacewa. A 1998 aka ba Furchgott da Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel. Ba a sa Moncada ba, kuma har yau ina cikin masu ganin an yi masa rashin adalci. Shekara goma kafin kyautar, a Tsukuba ta Japan, Masashi Yanagisawa ya gano cewa shimfiɗar nan dai tana yin wani sinadari, endotelin, wanda yana cikin mafi ƙarfin masu tsuke jijiya da aka sani. Mai sassautawa da mai ɗaurewa daga baki ɗaya suke fita.

Abin da ya biyo baya a jikin mutane ya fi na zomo nauyi. A 1986 wasu likitoci a Boston suka zuba asetilkolin cikin jijiyoyin zuciyar masu rai. A waɗanda jijiyoyinsu ke lafiya, suka buɗe. A waɗanda kitse ya fara ɓata wa bango, suka tsuke, har a wuraren da hoto bai nuna wata matsala mai girma ba. Saƙon bai canza ba, ko ƙwaya ɗaya. Mai karɓarsa ne ya canza, sai ma'anar ta juye. Duk wanda ya yi aikin sasanta mutane ya san haka tana faruwa da magana, amma ban zaci zan same ta a rubuce a bangon jijiya ba. Haka abin yake da sanyi, da fushi, da fargaba: saƙon da jijiyoyin motsi ke kawowa a irin wannan hali yakan ƙare da ƙarin jini a zuciya mai lafiya, a wadda shimfiɗarta ta lalace kuwa yana iya ƙarewa da tsukewa.

Idan tsokar zuciya ta nemi jini ba ta samu ba, mutum yana ji. Likitan Ingila William Heberden ya siffanta wannan ciwo a gaban 'yan'uwansa likitoci a 1768, ya raɗa masa suna anjaina, daga kalmar Latin mai nufin shaƙewa. Ba shi da na'ura ko ɗaya. Sauraro ya yi: mutum yana tafiya, musamman a hawa, musamman bayan cin abinci, sai wani abu ya kama shi a ƙirji, ya tsaya cak, abin ya sake shi. Masu ciwon a wajenmu ma abin da suke faɗa ke nan da nasu kalmomin. Ƙirjina ya yi nauyi. Ana matse ni. An ɗora mini dutse. Numfashina ba ya kaiwa ƙasa. Wani zai so ya ce tunda muna da ƙuncin zuciya da buɗewar zuciya a bakinmu, kakanninmu sun riga masana sanin aikin jijiyoyin. Ban yarda ba, kuma ba ma bukatar irin wannan yabon. Abin da suka ji a jikinsu suka ba suna, kuma sun iya ba shi suna. Wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne, domin kusan shekara ɗari biyu bayan Heberden ilimin wannan ciwo a kan abin da majiyyaci ya faɗa ya fi dogara.

Ranar 30 ga Oktoba 1958 aka shiga wani zamani. A asibitin Cleveland a Amurka, Mason Sones yana ɗaukar hoton zuciyar wani saurayi, sai bakin siririn bututun da ya zura ya zame ya faɗa cikin jijiyar zuciya ta dama, ruwan da ke sa jijiya ta fito a hoto ya shige ciki. A lokacin an yi imani wannan kisa ne. Zuciyar ta ɗan tsaya, Sones ya daka wa saurayin tsawa ya yi tari, ta ci gaba da bugawa. A kan fim ɗin kuwa ga jijiyar ta fito tar da rassanta. Daga nan aka fara ganin inda kitse ya cushe hanya, daga gani aka zo ga yin aikin kewaye wurin, daga baya aka zo ga buɗe shi da balan-balan da sa masa ƙarfen tokare. Rayukan da wannan ya ceta ba su ƙirguwa, kuma ba na son a fahimci abin da zan faɗa a matsayin raina shi.

Hausawa suka ce gani ya kori ji. A ɗakin hoton zuciya karin maganar ya tabbata fiye da yadda ya kamata. Ji a Hausa ya haɗa na kunne da na jiki, kuma duka biyun aka kora: abin da likita ya ji daga bakin majiyyaci, da abin da majiyyaci ya ji a ƙirjinsa. Ciwon zuciya ya koma kalma ɗaya, toshewa. Akwai toshewa, kana da ciwo. Babu toshewa, Allah ya kiyaye, je ka gida. Alhali hoton ba ya ganin jijiyar da ta gaza kusan rabin milimita, wato duk inda ake yanke hukuncin nan da muka yi ta magana a kai, a wajen hoton yake. Ko da yana ganin su ma, hoto siffa yake nunawa. Ciwon ƙananan jijiyoyi kuwa na hali ne: an ce su buɗe sun ƙi, ko sun buɗe rabi, ko sun tsuke ba dalili.

Ba a daɗe ba aka fara lura. A 1967 William Likoff da abokan aikinsa a Philadelphia suka ba da labarin mata 15 masu ciwon ƙirji, waɗanda awon lantarkin zuciyarsu ya nuna alamar ƙarancin jini, amma hoton jijiyoyinsu fes. A 1973 Harvey Kemp ya kira abin ciwon X. Sunan ya samo asali ne daga wani bincike da aka raba majiyyata rukuni-rukuni, aka laƙaba wa waɗannan harafin X, harafin da masu lissafi suke ba abin da ba a sani ba. Ya kama, ya zauna shekaru. A 1988 ma sai wani masani, Gerald Reaven, ya ɗauki sunan ya ba wata matsala dabam, ta suga da ƙiba da hawan jini, aka koma ana da X biyu. A shekarar ce dai Richard Cannon da Stephen Epstein suka kawo sunan da ya nuna wurin, anjainar ƙananan jijiyoyi. Yau kuma an fi jin INOCA, taƙaitaccen jimlar da ke cewa akwai ƙarancin jini amma babu toshewa. Har yanzu da abin da babu ake siffanta shi.

Kada a ɗauka 'yan tsiraru ne. Wani bincike da aka buga a 2010 ya duba mutum kusan 400,000 a Amurka da aka yi wa hoton jijiyoyin zuciya ba na gaggawa ba, waɗanda ba a san su da ciwon ba a baya. Kashi 38 cikin ɗari kawai aka samu da toshewa. Ba duk sauran ne ke da ciwon ƙananan jijiyoyi ba, wasu ciwonsu daga maƙogwaro yake ko haƙarƙari ko wani wuri. Amma da yawansu suna da shi, kuma mata sun fi yawa, musamman bayan ɗaukewar al'ada. Babban binciken da aka fara a Amurka a 1996 a kan mata masu wannan alama ya nuna cewa ba lafiya lau suke ba kamar yadda ake gaya musu. Suna komawa asibiti a kai a kai, kuma waɗanda ƙananan jijiyoyinsu suka gaza sun fi fuskantar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya.

Tsakanin "ba a ga komai ba" da "babu komai" akwai tafiya mai nisa, amma a bakin ƙofar ɗakin likita ake yin ta cikin numfashi ɗaya. Ta farko magana ce a kan na'ura da iyakarta. Ta biyu hukunci ne a kan mutum. Matar da aka gaya wa ta biyu za ta koma gida da ciwonta, ta ƙara da wani nauyin, domin yanzu ita ce abin tuhuma. A wajenmu, inda hoton jijiyoyin kansa sai a 'yan manyan asibitoci kuma da kuɗi mai yawa, yawanci ba a ma kaiwa nan. Da ta ce ƙirji sai a ce olsa ce, a rubuta maganin olsa. In ya ƙi, a ce damuwa ce, Hajiya ki rage tunani. In dangi suka ga asibiti ta ce babu komai ga kuma baiwar Allah tana dafe ƙirji, sai su nemi bayani a wani wuri, kuma ban ga laifinsu ba. Mutum ba ya zama da ciwon da ba shi da suna, zai samo masa.

Abubuwan da ke ɓata ƙananan jijiyoyin kuwa ba baƙi ba ne a gidajenmu. Hawan jini yana sa bangonsu ya yi kauri ta ciki, hanyar ta ƙuntata, wasu ma su ɓace gaba ɗaya, ga kuma tsokar zuciyar tana ƙara kauri tana neman ƙarin abinci. Ciwon suga yana lalata shimfiɗar da ke yin naitirik oksaid. Taba ma haka. Duka suna yin aikinsu shekaru kafin wani abu ya bayyana a hoto.

Ko maganin ciwon ƙirji da aka fi sani yana da nasa labarin a nan. Naitirogiliserin, wanda Ascanio Sobrero ya haɗa a Turin a 1847 kuma Alfred Nobel ya yi arziki da shi a harkar nakiya, shi ne William Murrell ya fara ba masu anjaina a Landan, ya buga bayaninsa a 1879. Nobel kansa likitoci sun rubuta masa shi a ƙarshen rayuwarsa. An yi kusan shekara ɗari ana sa shi a ƙarƙashin harshe kafin a san cewa naitirik oksaid yake zama a jiki. Sai dai ya fi aiki a kan manyan jijiyoyi da masu dawo da jini. Mafi ƙanƙantar ba su cika amsa masa ba. Don haka mai ciwon ƙananan jijiyoyi tana iya sa ƙwayar ciwon bai lafa ba, sai wannan ma ya zama hujja a kanta: da ciwon zuciya ne ai da ya ji magani.

Yanzu akwai hanyar tambayar jijiyoyin da kansu. A lokacin da ake hoton, idan ba a ga toshewa ba, sai a zura wata siririyar waya mai auna matsi da gudun jini. A ba da adenosin a ga sau nawa jinin zai ninka. In bai kai ninki biyu zuwa biyu da rabi ba, ƙananan jijiyoyin sun gaza buɗewa. Sannan a zuba asetilkolin, sinadarin zomon Furchgott, a ga ko za su tsuke, a kuma tambayi majiyyaci ko ciwon da ya taso yanzu shi ne wanda ya kawo shi. Wannan tambaya tana cikin sharuɗɗan gwajin. Sai da na'ura ta kai iyakarta aka dawo ana neman bakin mai ciwon.

Amsar tana da amfani domin magungunan sun bambanta. Wanda jijiyoyinsa ba sa buɗewa sosai yakan amfana da maganin da ke rage saurin bugun zuciya, tunda yana tsawaita lokacin sakin da take cin abinci a ciki. Wanda nasa ke tsukewa haka kawai, maganin da ke hana kalsiyam shiga tsoka ya fi dacewa da shi, kuma wancan na farkon yana iya ƙara masa ciwo. A Glasgow, Colin Berry da Tom Ford da abokan aikinsu sun gwada wannan a kan mutum 151 masu ciwon ƙirji marasa toshewa, kusan kashi uku cikin huɗu mata, suka buga sakamakon a 2018. An yi wa kowa gwajin, kuma kusan tara cikin goma an same su da matsalar tsukewa ko ta buɗewa. Rabin majiyyatan aka bayyana wa likitocinsu sakamakon aka yi magani bisa shi, rabin aka bar su da abin da hoto ya nuna. Bayan wata shida rukunin farko sun fi samun sauƙin ciwo da jin daɗin rayuwa. Babu sabon magani ko ɗaya a cikin binciken, duk waɗanda ake da su ne a kantin magani tun da daɗewa. A 2024 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta sa gwajin cikin abin da ta ce a yi wa mai ciwon ƙirjin da ya ƙi lafawa alhali hotonsa bai nuna toshewa ba, shekara 57 bayan rahoton matan Philadelphia.